Shekara Shida a Kan Ciyawar Roba: Nazarin Lamarin Wata Ƙaramar Ƙungiya a Kudancin Landan

## Ƙungiyar da muhallinta

Ƙungiyar ƙwallon ƙafar da za mu bi sawunta, Sutton United, tana wata unguwa ce a kudancin Landan. An kafa ta a 1898, filinta kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum 5,000 da 'yan kai. Ta haura shekara ɗari tana fafatawa a ƙananan rukunai, inda ɗan wasa kan tashi da safe ya tafi wurin sana'arsa, da yamma ya rataya takalmin ƙwallo. Abin da tsofaffin magoya bayanta ke tinƙaho da shi shi ne ranar 7 ga Janairun 1989, ranar da ta fitar da Coventry City daga Kofin FA da ci 2-1, alhali Coventry ɗin ce ta ɗauki kofin a 1987.

Ba za a gane lamarin ba sai an san yadda tsanin ƙwallon Ingila yake. Firimiya ce matakin farko. A ƙarƙashinta akwai rukunai uku, Championship da League One da League Two, masu ƙungiyoyi 72 a hannun hukuma guda da a yau ake kira EFL. Daga nan sai mataki na biyar, National League, sannan na shida wanda aka raba gida biyu, Arewa da Kudu. Tsakanin mataki na huɗu da na biyar akwai katanga mai kauri: hukuma daban, kuɗi daban, doka daban. A 2011 ƙungiyar ta hau mataki na shida, a can kuma take lokacin da wannan labari ya faro.

## Kafin 2015: ruwa a fili, kwaɗo a ƙofa

Hunturun Ingila lokacin ruwa ne da sanyi da gajeriyar rana. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Ciyawa kan daina tsiro idan sanyin ƙasa ya kai wajen digiri 5, ga shi kuma yawancin ƙasar Landan laka ce mai riƙe ruwa. Kakar wasa tana farawa a Agusta ta ƙare wajen ƙarshen Afrilu, saboda haka tsakiyarta ta faɗa daidai watannin da ciyawa ba ta iya farfaɗowa. Ramin da takalmi ya tona a bakin raga a Nuwamba, haka zai zauna yana tara ruwa har Maris.

Manyan ƙungiyoyi da kuɗi suka sayi maganin abin: bututun ɗumama ƙasa a ƙarƙashin fili, fitilun da ake turawa kan ciyawa su zame mata rana, da ma'aikata na dindindin. Ƙungiyar mataki na shida ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ƙarfinta mai kula da fili ne da 'yan sa-kai masu sammako ranar Asabar da cebur da manjagara. Alƙalin wasa ya iso ya tattaka filin, ya wurga ƙwallo ya ga ko za ta gangara. In ta lafe a cikin ruwa, an ɗage wasa ke nan.

Hunturun 2013 zuwa 2014 shi ne mafi ruwa da aka gani a Ingila da Wales tun da aka fara rubuta lissafin ruwan sama a 1766, kuma ƙananan rukunan kudancin ƙasar sun yi ta ɗage wasanni mako bayan mako. Ga ƙungiya irin wannan, ɗage wasa asara ce tsagwaronta. Wasan Asabar da ƙarfe 3 na rana ya koma daren Talata, lokacin da yara ke da makaranta washegari, magidanta kuma sun taso aiki a gajiye. 'Yan kallo su ragu, cinikin abinci da abin sha ya faɗi, sannan a Maris da Afrilu a tara wa 'yan wasa masu sana'ar rana wasanni a jere don a cike giɓi.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan girma, ko da yake ba a cika lura da ita ba. Wasannin gida a kaka guda, na lig da na kofuna, ba su wuce 25 zuwa 30 ba. Ciyawa ba ta jure fiye da sa'o'i kaɗan a mako, wajen 6, a hunturu ma ba ta kai haka ba. Sauran kwanakin shekara sama da 300, filin yana kulle ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Babbar kadarar ƙungiya ke nan, a tsakiyar unguwa mai cike da yaran da ke neman wurin buga ƙwallo, tana cin kuɗi kullum, ba ta kawo ko kwabo sai kamar sau biyu a wata.

Dabarun da ƙungiyoyin wannan mataki ke da su sanannu ne, kuma ba su da yawa. A zuba yashi a inda ya dagule, a huhhuda ƙasa ruwa ya sami hanyar sauka, a lulluɓe fili da tamfol daren da ake sa ran ƙanƙara, a tona magudanai in kuɗi sun samu, a sake shuka iri a hutun kaka, a kai atisaye wani filin haya don a huta da na gida. Kowace dabara tana rage raɗaɗi. Amma ko an gyara magudana ruwa ya daina kwanciya, ciyawar ba za ta jure yara ɗari suna gudu a kanta kowace yamma ba, kwaɗon kuma yana nan a ƙofa. A kakar 2013/14 ƙungiyar ta zo ta biyu a rukuninta, Dover ta cire ta a wasan cike gurbi. Kakar da ta biyo baya ta gangaro ƙasan tsakiyar teburi.

## 1981 zuwa 2014: tsohon ciwo da dokar da ya haifar

Ingila ta taɓa gwada filin roba, kuma ba ta ji da daɗi ba. Queens Park Rangers ce ta fara shimfiɗa shi a filinta na Loftus Road a 1981, Luton Town ta bi a 1985, Oldham Athletic da Preston North End a 1986. Waɗancan filaye gajeren kafet ne a kan ƙasa mai tauri kamar daɓe. Ƙwallo kan yi tsalle ta haure kan mutum, wanda ya zame fatarsa ta saɓule, masu tsaron raga dole su sa dogon wando, baƙi kuma kullum cikin ƙorafin cewa masu gida na cin moriyar da ba ta halatta ba. Aka yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya, na Preston ne na ƙarshe a 1994, a 1995 aka haramta su a manyan rukunai huɗu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen da suka buga ko suka kalli ƙwallo a kan waɗancan filaye, su ne daga baya suka zama masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyi da masu sharhi a talabijin.

A can ƙasan tsani kuwa abubuwa na sauyawa. A 2012 Maidstone United ta buɗe sabon filinta da ciyawar roba samfurin zamani, wadda ake kira 3G, ma'ana ƙarni na uku na irin wannan shimfiɗa. A hunturun da maƙwabta ke ɗage wasa, ita tana bugawa. A Janairun 2014 ƙungiyoyin matakai na biyar da na shida suka kaɗa ƙuri'a, ƙuri'u 21 suka ƙi amincewa da irin wannan fili, 11 suka amince. Ba a daɗe ba hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta halatta shi a kowane zagaye na Kofin FA daga kakar 2014/15, sannan matakai na biyar da na shida su ma suka buɗe ƙofa daga kakar 2015/16.

Saura ƙungiyoyi 72 na sama. A Nuwamban 2014 suka kaɗa tasu ƙuri'ar kan ko a bar League One da League Two su shimfiɗa roba. Aka tashi 34 da 34, huɗu suka ƙaurace. Canjaras ba ya sauya doka, haramcin ya ci gaba da zama. Aka wayi gari filin da ya halatta a mataki na biyar da Kofin FA haramun ne a mataki na huɗu.

## Hutun kakar 2015: an tone ciyawa

Ƙungiyar ta san da wannan doka lokacin da ta yanke shawara. Sai dai a lokacin tana mataki na shida, tsakaninta da katangar akwai hawa biyu, kuma a shekara 117 da kafuwarta ba ta taɓa tsallake ta ba. Ga shi an ga yadda ƙuri'ar 2014 ta kusa wucewa, mutane da yawa na ganin haramcin ya kusa zama tarihi.

Kuɗin aikin daga aljihun kocinta suka fito. Ya kama aiki tun 2008, ɗan kasuwa ne a harkar gine-gine, ba ya karɓar albashi daga ƙungiyar, shi ne kuma ya ba ta rance marar ruwa na wajen fam 500,000.

Aikin ba shimfiɗa tabarma ba ne. Ana kwashe ƙasar sama gaba ɗaya, a binne bututun magudana, a zuba tsakuwa a daddaɓe ta yadda ruwa zai riƙa ratsawa. A kai sai kafet mai zaren roba da tsawonsa ke kaiwa santimita 4 zuwa 6. A tsakanin zaren ake zuba yashi don ya danne kafet ɗin, a bisansa a zuba ɓarɓashin tsofaffin tayoyin mota da aka niƙa. Wannan ɓarɓashin shi ne ke ba ƙafa taushi, ya bar ƙusoshin takalmi su nutse su juya, shi ne kuma babban abin da ya raba 3G da daɓen shekarun 1980. Kafin a yi wasan gasa a kai sai filin ya sami shaidar FIFA, kuma a wannan mataki duk shekara ake sake gwaji: a auna tsallen ƙwallo, nisan gangararta, taurin ƙasa, da yadda takalmi ke juyawa. Yana son shara da injin buroshi a kai a kai don zaren ya miƙe, yana son ƙarin ɓarɓashi a inda ya zaizaye, kuma bayan shekara 8 zuwa 10 kafet ɗin kan gaji, sai an sake sabo.

## 2015 zuwa 2017: abin da ya sauya

Abu na farko, an cire kwaɗo. Filin da a da ake buɗewa sau biyu a wata ya koma aiki kwana bakwai a mako, daga safe har fitilu su mutu da dare. Babbar tawaga na atisaye a inda take buga wasa. Makarantar horar da matasa, tawagar mata, ƙananan yara, masu buƙata ta musamman, wata ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta kama haya, da ma'aikatan da ke haɗa kuɗi su yi sa'a guda bayan tashi aiki, duk wuri ɗaya. Shugabannin ƙungiyar sun riƙa ƙiyasta abin da filin ke kawowa da wajen fam 200,000 a shekara. A Firimiya wannan albashin mako ne na ɗan wasa guda. A mataki na biyar da na shida, shi ne bambanci tsakanin ƙungiyar da ke roƙo da wadda ke tsara kasafinta tun farkon kaka.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga littafin akanta kai tsaye. Yaron da ya yi atisaye a filin ranar Laraba, ranar Asabar sai ya jawo mahaifinsa su zo kallon manya a kan filin da ya riga ya ɗauka nasa ne. Ƙungiyar ta haɗa da karya kuɗin tikitin kaka, 'yan kallo suka ƙaru a fili ƙarara.

A kakar farko a kan roba, 2015/16, ta lashe rukunin Kudu ta hau mataki na biyar. Kaka ta biyu ita ce ta sa duniya ta san da ita. A Kofin FA ta fitar da Cheltenham Town, ta yi 0-0 da AFC Wimbledon a gida, ta bi ta har gidanta ta ci ta 3-1 a kan ciyawa. Ranar 29 ga Janairun 2017 ta doke Leeds United 1-0 da bugun fenariti. Ranar 20 ga Fabrairu, kwana biyar bayan Bayern Munich ta casa Arsenal 5-1, Arsène Wenger ya kawo tawagarsa wannan ƙaramin fili a zagaye na biyar. Bai ɓoye damuwarsa da shimfiɗar ba, har ya ajiye Danny Welbeck wanda bai daɗe da dawowa daga jinyar gwiwa ba. Alex Iwobi na cikin waɗanda suka fara wasan. Arsenal ta ci 2-0, Lucas Pérez da Theo Walcott ne suka zura, ta Walcott ita ce ƙwallonsa ta 100 a ƙungiyar. Arsenal ɗin ce ta ɗauki kofin a ƙarshen kakar.

## 2018: karo na farko da katanga

A kakar 2017/18 ƙungiyar ta zauna a saman teburin mataki na biyar, abin da a 2015 ake gani nesa ya zo bakin ƙofa. Nan aka shiga tsaka mai wuya. Idan ta hau, dole ta tone filin. Idan ta cancanci hawa ta ce ba za ta tone ba, dokar ta tanadi a iya mayar da ita mataki na shida. Gaba kura, baya sayaki: ƙungiya na cin wasa, shugabanninta na lissafin asarar da cin wasan zai jawo. Bromley da Maidstone, masu irin filinta a rukuni ɗaya, suna ƙarƙashin wannan doka su ma.

Aka yi ta kiraye-kiraye ga EFL ta sake duba lamarin. An tattauna, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta Ingila ta tsaya a kan adawarta, dokar ba ta motsa ba. Sutton ta amince cewa in ta hau za ta tone. Ta ƙare a matsayi na uku, a watan Mayu Boreham Wood ta ci ta 3-2 a gida a wasan cike gurbi. Filin ya tsira da shan kashi. A 2019 kocin da ya kawo shi ya bar aiki, wani ya gaje shi.

## 2021: nasara da motar tona

Kakar 2020/21 kusan dukkanta ba 'yan kallo aka buga ta saboda annobar korona. Ranar 23 ga Mayun 2021, da aka fara barin mutane ƙalilan su shiga, ƙungiyar ta ci Hartlepool United 3-0 a gida ta lashe National League. Karo na farko ke nan a shekara 123 da ta tsallake katangar.

An san abin da zai biyo baya, don an gani a shekarar da ta gabata. Harrogate Town ta hau a Agustan 2020, ta tone filinta na roba, ta buga wasanninta na farko na gida a filin Doncaster kafin ciyawa ta kama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shiga League Two na zuwa da kason kuɗin talabijin da tallafin Firimiya na wajen fam miliyan ɗaya a shekara, kuma mai ba da kuɗin shi ke da doka.

Sabuwar kaka za ta fara 7 ga Agusta, wato mako goma da 'yan kwanaki. Aka naɗe kafet ɗin da bai wuce shekara shida ba, aka sake gina fili aka shuka ciyawa, ga gyaran wuraren zama da ƙofofin shiga don cika sharuɗɗan sabon rukuni. Kuɗin ya fita ta hanya uku a lokaci guda: na tonewa da sake shimfiɗawa, na hayar da ta daina shigowa, da na neman wa tawagogin ƙungiyar wuraren atisaye a waje. Yaran da matan da 'yan haya da suka mayar da wurin gida suka watsu zuwa wasu filaye. Kwaɗo ya koma ƙofa.

Wasannin lig na farko a waje ta buga su, ta fara da shan kashi 2-1 a gidan Forest Green Rovers. Sai ƙarshen Agusta ta karɓi baƙuwa ta farko a kan sabuwar ciyawa. Baƙuwar ita ce Oldham Athletic, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi huɗun da filayensu suka jawo haramcin tun farko. Oldham ta ci 2-1.

## 2021 zuwa 2024: shekara uku a kan ciyawa

Kakar farko ta zo da abin da ba a zata ba. Ƙungiyar ta ƙare ta takwas, maki ɗaya ya hana ta shiga wasan cike gurbi. Ranar 3 ga Afrilun 2022 ta buga wasan ƙarshe na kofin EFL Trophy a Wembley, tana gaba 2-1 har cikin mintunan da alƙali ya ƙara, Rotherham United ta farke, ta kuma ci 4-2 a ƙarin lokaci. Kaka ta biyu ta zauna a tsakiyar teburi. Daga 2023 tawagar matan Crystal Palace ta fara buga wasanninta na gida a filin, wani kuɗin haya ya dawo, amma na wasa ne jefi-jefi, ba na yaran unguwa kowace yamma ba.

Kaka ta uku ta ƙi. Ta buɗe da cin Notts County 5-1, daga nan abubuwa suka zame. A Disamban 2023 Stockport County ta zura mata 8-0, aka sallami kocin da ya hau da ita. Ranar 27 ga Afrilun 2024, bayan 4-4 a gidan MK Dons, ta faɗo ta koma mataki na biyar, inda filin roba ya halatta, ita kuma a lokacin ba ta da shi.

## Hukunci

A ganina shawarar 2015 daidai ce, kuma dalilin nasararta ya wuce maganar ruwa. Da ruwa ne kaɗai matsalar, magudana mai kyau ta isa. Filin roban ya yi aiki ne domin ya taɓa ainihin ciwon, wato kwanaki 300 na kwaɗo. Ya mayar da kadarar da ke cin kuɗi ta koma mai kawowa, ya kuma cika wurin da mutanen da daga baya suka zama 'yan kallo. Masu cewa roba ce ta ci wa ƙungiyar wasanni sai su dubi 3-1 a gidan Wimbledon da matsayi na takwas a League Two, duka a kan ciyawa. Haka kuma ba adalci ba ne a ɗora faɗuwar 2024 a kan cire filin kaɗai. Abin da za a iya faɗa shi ne ƙungiya mai ƙaramin kasafi ta shiga rukuni mafi tsada a tarihinta bayan an datse mata wata jijiyar kuɗi da ta gina da hannunta.

Ba kowace ƙungiya ce za ta sami abin da wannan ta samu ba, ya kamata a faɗi haka a sarari. Ta sami rance ba ruwa. Tana cikin Landan, inda masu neman fili suka fi filayen yawa. Ƙungiyar ƙauye da ta ci bashin banki, ba masu haya a kusa, za ta iya wayar gari bayan shekara goma da kafet ɗin da ya kwanta, ba kuɗin sabo. Duk wadda ba za ta iya ware wani abu kowace shekara don ranar sauyin ba, gara ta zauna da ciyawarta. Mummunan filin roba ya fi mummunan filin ciyawa cutarwa, domin ita ciyawa in zafi ya dawo tana tohowa da kanta.

Ƙorafin 'yan wasa ma ba abin rainawa ba ne. Binciken da likitocin ƙasar Suwidin suka wallafa a 2006 kan ƙwararrun 'yan ƙwallo a Turai bai sami bambanci a jimillar rauni tsakanin 3G da ciyawa ba, amma ya sami ƙarin targaɗen idon sawu a kan roba. 'Yan wasa da yawa na cewa gwiwa da baya sun fi yi musu tsami washegari, kuma jikinsu ne jarinsu. Roba na ɗaukar zafi fiye da ciyawa nesa ba kusa ba. A Landan wannan ƙaramar magana ce, amma duk wanda ya taɓa taka irin wannan fili da rana tsaka a watan Afrilu a ƙasar Hausa ya san tafin ƙafa ke fara ba da labari. Ɓarɓashin tayar nan kuma yana bin ruwa ya shiga magudanai, har Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da shi daga 2031. A Sikotlan, ƙungiyoyin babban rukuni sun kaɗa ƙuri'a a 2024 cewa daga kakar 2026/27 ba filin roba a gasarsu. Ban ga laifin a ce manyan rukunai masu kuɗi su riƙe ciyawa ba.

Inda nake ganin an yi kuskure shi ne wurin da aka gina katangar da yadda aka gina ta. An yarda Arsenal ta taka wannan fili a Kofin FA, an hana ƙungiyar League Two ta taka shi a wasan lig. Ranar 14 ga Satumban 2021, makonni kaɗan bayan ƙungiyarmu ta gama shuka ciyawar dole, Young Boys ta ci Manchester United 2-1 a Gasar Zakarun Turai a birnin Bern, a kan ciyawar roba. Su kansu filayen Wembley da Emirates da ake kira na ciyawa, an ɗinke su da miliyoyin zaren roba a ƙarƙashi don su riƙe saiwa. Aljihun yawancin ƙungiyoyin League Two ya fi kusa da na mataki na biyar fiye da na Firimiya, hunturu kuma bai san iyakar rukuni ba. Ko da EFL ba za ta ɗage haramcin gaba ɗaya ba, da ta ba sabuwar shiga wa'adin kaka biyu ko uku, har a ga ko za ta zauna, har ta nemi wurin da za ta gina wa unguwa fili na biyu, da ba a tone kafet mai sauran rai a cikin mako goma ba, da yaran ba su watse ba. Wannan ƙungiya kaka uku kacal ta yi a sama.

Ƙungiyar da ke mataki na biyar zuwa ƙasa, mai masu haya a kusa da ita da tanadin kuɗin sauyi, ina ganin ta shimfiɗa, amma ta rubuta kuɗin tonewa a cikin lissafinta tun ranar farko, domin dokar ba ta canza ba. Kwana takwas bayan faɗuwar ƙungiyarmu, ranar 5 ga Mayun 2024, maƙwabciyarta Bromley ta ci Solihull Moors da bugun fenariti a Wembley ta hau League Two karo na farko a tarihinta. A makonnin da suka biyo baya aka naɗe kafet ɗin filinta na Hayes Lane.